Daga Joe Louis zuwa Usyk: Wane zamani ne ya fi ƙwarewa a damben masu nauyi?

Tun daga daren 18 ga Mayun 2024, lokacin da Oleksandr Usyk na ƙasar Yukren ya doke Tyson Fury na Birtaniya a birnin Riyad na Saudiyya, wata tsohuwar muhawara ta sake kunno kai a tsakanin masoya damben boksin. A daren ne Usyk ya haɗa dukkan manyan kambunan ajin masu nauyi a hannunsa, abin da rabon da a gani tun zamanin Lennox Lewis a 1999. Ya shiga fage da nauyin kilo 101, Fury kuma da kusan 119, ga ratar tsawo ta kimanin santimita 15 a tsakaninsu. Ya sake doke Fury a watan Disambar shekarar, sannan ya gama da Daniel Dubois a turmi na biyar a filin Wembley da ke Landan a Yulin 2025.

Dattawa na cewa ba a yi kamar Muhammad Ali ba, kuma ba za a yi ba. Waɗanda suka tashi a shekarun 1980 ba su yarda akwai wanda zai tsaya gaban Mike Tyson ba. Matasa kuwa gani suke ƙattan yau za su tattake na da saboda girman jiki kawai. Kowane ɓangare yana da hujjarsa, sai dai galibi ana cakuɗa abubuwa uku da ya kamata a rarrabe: ƙarfin naushi, yawan nasarori, da ƙwarewa. Na ukun ne ya fi wuyar aunawa, kuma shi ne ya fi jure wa sauyin zamani.

Mece ce ƙwarewa a dambe?

Idan masu horarwa suka ce ɗan dambe ya iya, abubuwa biyar suke dubawa. Na farko shi ne aikin ƙafa da sarrafa tazara, wato mutum ya tsaya inda hannunsa zai kai abokin karawa, nasa kuma ba zai kai shi ba. Na biyu shi ne naushin zunguri, wanda ake kaiwa da hannun gaba don auna tazara, rufe ido da buɗe hanya. Na uku shi ne kariya: kauce wa naushi da kai, tare shi da hannu ko kafaɗa, da sanin lokacin riƙo. Na huɗu shi ne jera naushi ba tare da rasa daidaiton tsayuwa ba. Na biyar, wanda ya fi duka, shi ne karanta abokin karawa da sauya dabara ana tsakiyar faɗa.

Deontay Wilder na Amurka ya isa misali wajen raba ƙarfi da ƙwarewa. Kafin haɗuwarsa ta farko da Fury a 2018, ya yi dambe 40 ya ci duka, 39 daga ciki tun kafin a kai turmin ƙarshe. Da wuya a samu hannun dama mai dafi irin nasa a kowane zamani. Amma da zarar ya haɗu da wanda ya hana wannan hannu sauka, kamar Fury a 2020 ko Joseph Parker a 2023, sai a ga ba shi da wata hanya ta biyu.

Dokoki ne ke tsara salo

Kafin a yi wa 'yan damben da dariya, ya kamata a san dokokin da suka yi dambe a ƙarƙashinsu. A 1889 John L. Sullivan ya kara da Jake Kilrain hannu tsirara har turmi 75, a tsarin da turmi ke ƙarewa duk lokacin da mutum ya faɗi, kuma an yarda da kokawa. Dokokin Queensberry, waɗanda aka wallafa a Ingila a 1867, su ne suka kawo safar hannu, turmin minti uku, hutun minti ɗaya da ƙirga goma. A ƙarƙashinsu James J. Corbett ya doke Sullivan a 1892 ta hanyar zagaye da zunguri, shi ya sa ake danganta farkon damben dabara da shi.

Ko bayan nan, safar hannun ƙarama ce, kusan rabin nauyin wadda masu nauyi ke sawa yau. Ƙaramar safa ba ta rufe fuska, don haka ba amfanin ɗaga hannu biyu a fake a bayansu. Wannan ne ya sa Jack Johnson, baƙar fata na farko da ya zama zakaran duniya a 1908, yake miƙa hannuwansa gaba yana cafe naushi tun yana hanya, yana danne damatsan abokin karawa, sannan ya ɗauke shi da naushin haɓa. Damben da ya rasa kambunsa a hannun Jess Willard a Habana ta ƙasar Kyuba a 1915 an shirya shi ne a turmi 45, kuma sai a na 26 ya faɗi. Wanda ke gaban turmi 45 cikin zafin rana ba zai yi ta tsalle-tsalle ba, dole ya yi tattalin numfashi.

A 1919 Jack Dempsey ya kai Willard ƙasa sau bakwai a turmin farko, domin a lokacin yana iya tsayawa a kansa ya jira ya ɗago ya sake kai masa. Daga baya aka tilasta wa wanda ya kayar ya koma kusurwa mai nisa. Jinkirin da Dempsey ya yi wajen bin wannan doka a 1927 ya ba Gene Tunney ƙarin daƙiƙoƙi ya farfaɗo ya ci damben. Haka nan bayan rasuwar Duk Koo Kim na Koriya ta Kudu a 1982, sakamakon raunin da ya samu a dambensa da Ray Mancini, hukumomin dambe suka rage turmin gasar kambu daga 15 zuwa 12. Da a turmi 12 ake tsayawa tun da, da Joe Louis ya rasa kambunsa a hannun Billy Conn a 1941, da Rocky Marciano kuma bai karɓe shi daga Jersey Joe Walcott a 1952 ba, domin dukansu biyu ana gabansu da maki kafin su yi nasara a turmi na 13.

Akwai kuma yaudarar hoto. Tsofaffin na'urorin ɗaukar fim da hannu ake juya su, kuma hotunan da suke ɗauka a daƙiƙa guda ba su kai na yau yawa ba. Shi ya sa motsin Johnson da Dempsey yake fitowa a gurguje, ana tsallake wasu naushe-naushen. Mai yanke hukunci da irin wannan fim, hukuncin na'ura yake yankewa.

Batun girman jiki

Babu musu ajin ya ƙara girma. Dempsey kilo 85 yake da shi ranar da ya doke Willard. Marciano, wanda ya yi ritaya a 1956 da nasara 49 ba a taɓa doke shi ba, shi ma nauyinsa kusan haka yake. A tsarin yau, duk wanda bai haura kilo 90.7 ba yana ajin da ke ƙasa da na masu nauyi ne. Ali kilo 98 yake da shi a Kinshasa a 1974. Lewis da Wladimir Klitschko sun kai kimanin 110, Fury kuma ya kai 124 a karawarsa ta biyu da Wilder.

Sai dai ƙatta ba yau aka fara ganinsu ba. Willard kilo 111 ne, Primo Carnera na Italiya kuma ya kai 118 lokacin da Louis, mai kilo 89, ya gama da shi a turmi na shida a 1935. A 2009 David Haye mai kilo 98 ya ci Nikolai Valuev na Rasha, wanda ya haura kilo 140, da maki. Abin da ya sauya shi ne ƙattan da ba su iya dambe sosai ba, na yanzu kuwa wasunsu sun iya. Haɗuwar girma da ƙwarewa a jiki guda, wadda ta bayyana sosai daga Riddick Bowe da Lewis, ita ce sabon abu.

Joe Louis: littafin koyon naushi

Louis ya riƙe kambu daga 1937 zuwa 1949, ya kare shi sau 25, adadin da har yau ba a kamo ba a wannan aji. A 1941 kaɗai sau bakwai ya kare shi. Mai horar da shi, Jack Blackburn, ya gina shi a kan daidaiton tsayuwa: gajeren taku, ƙafa ba ta barin ƙasa sosai, gwiwar hannu a manne da jiki. Naushinsa ba ya yin doguwar tafiya, ba ya kuma sanar da zuwansa. Yana iya jera huɗu ko biyar, kowanne da nauyin jikinsa a baya, ya ƙare a tsaye daidai kamar yadda ya fara. Ta fuskar tsaftar naushi, da wuya a nuna wanda ya fi shi.

Yana da nasa rauni. Max Schmeling na Jamus ya yi nazarin fina-finansa ya lura yana sauke hannun hagu bayan zunguri, ya yi ta aika dama ta wannan ƙofa har ya gama da shi a turmi na 12 a 1936. Louis ya gyara, ya rama cikin daƙiƙa 124 a 1938. Conn kuma, wanda bai kai kilo 80 ba, ya nuna cewa mai saurin ƙafa na iya wahalar da shi. Wannan ce hujjar masu cewa Ali ko Usyk za su ba shi ciwon kai.

Ali: gwanin da ya karya ƙa'ida

Idan da littafin koyarwa za a auna Ali, da ya faɗi jarrabawa. Hannuwansa a ƙasa suke, yana ja da baya kai tsaye yana janye kai maimakon ya sunkuya, kuma da wuya ya kai naushi a ciki. Abin da ya rufe masa wannan shi ne saurin ƙafa da hannu da ba a taɓa gani ba a mutum mai santimita 191, da idon da ke auna tazara har zuwa faɗin yatsa. Dambensa da Cleveland Williams a Houston a 1966 shi ake nunawa a matsayin ƙololuwar wannan salo.

Bayan an hana shi dambe daga 1967 zuwa 1970 saboda ƙin shiga sojan Amurka a lokacin yaƙin Biyetnam, ƙafar ta rage gudu, ƙofofin da sauri ke rufewa suka buɗe. Eddie Futch, wanda ya taimaka wajen horar da Joe Frazier sannan ya horar da Ken Norton, ya gano su. Frazier ya kai shi ƙasa da naushin lauje na hagu a turmi na 15 a 1971, Norton kuma ya karya masa muƙamuƙi a 1973 bayan ya riƙa mayar masa da zunguri duk lokacin da ya zungura.

A nan ne ainihin gwanintarsa ta fito. A Kinshasa, ranar 30 ga Oktoban 1974, ya fara da jefa wa George Foreman hannun dama kai tsaye, abin da ba wanda ya zata. Da ya ga zagaye zai cinye masa ƙarfi, sai ya jingina da igiya, ya rufe fuska, yana danne wuyan Foreman, yana mayar da martani a ƙarshen kowane turmi, har ya kayar da shi a na takwas. Mutum ɗaya ya ci kambu da salo biyu masu hannun riga da juna, shekara goma tsakani. A ma'auni na biyar, wato sauya dabara, nan ne Ali ya yi wa kowa fintinkau.

Holmes da Tyson

Larry Holmes ya yi shekaru yana abokin atisayen Ali, ya ɗauki zungurinsa ya ƙara masa nauyi. Ya ci dambensa 48 na farko, ya kare kambu sau 20, kuma da yawan masana na ɗaukar zungurinsa a matsayin mafi kyau a tarihin ajin.

Tyson kuwa an fi tuna shi da ƙarfi, alhali kariyarsa ce abin mamaki. Tsawonsa santimita 178 ne kawai, don haka Cus D'Amato ya koya masa ɗora hannu biyu a kumatu, kaɗa kai hagu da dama yana matsowa, da kai naushi daga inda ya kauce. Kaucewa da duka motsi ɗaya ne a wurinsa. Ya kuma sha kallon tsofaffin fina-finan dambe da manajansa Jim Jacobs ya tara, ya ɗauki abubuwa da dama daga Dempsey. Da wannan ya zama zakara mafi ƙarancin shekaru a 1986, yana da 20, ya kuma gama da Michael Spinks cikin daƙiƙa 91 a 1988.

Salon nasa yana buƙatar atisaye ba ƙaƙƙautawa. Bayan rasuwar D'Amato a 1985 da rabuwarsa da Kevin Rooney a 1988, kaɗa kan ya ragu, ya koma neman naushi guda. Buster Douglas ya tsare shi da zunguri da riƙo a Tokyo a 1990, Evander Holyfield kuma ya riƙa tura shi baya a 1996. An ga cewa idan dabarar farko ta ƙi ci, ta biyu ba ta zuwa.

Zamanin dogaye

Emanuel Steward na birnin Detroit ne ya tsara yadda dogon mutum zai ci moriyar tsawonsa. Ya karɓi Lewis bayan Oliver McCall ya kayar da shi a 1994, ya gyara masa tsayuwa da zunguri. Ya karɓi Wladimir Klitschko a 2004, ya ɗora shi a kan tsari mai sauƙin faɗi: zunguri, miƙaƙƙen dama, riƙo idan an matso. A 2005 Samuel Peter, ɗan Najeriya daga Jihar Akwa Ibom, ya kai Klitschko ƙasa sau uku, amma ya sha kaye da maki, domin kusan duk sauran turamen Klitschko ne ya cinye su daga nesa. Wannan tsari ya riƙe masa kambu daga 2006 zuwa 2015.

Wasu na kiran salon da gundura, amma hana ƙato mai dafin hannu kusantarka na minti 36 ƙwarewa ce. Iyakarsa ta bayyana a Jamus a 2015, inda Fury, wanda ya fi shi tsawo, ya rikita shi da barazanar naushi da sauya ƙafar gaba, har ƙididdigar CompuBox ta nuna naushi 52 kacal Klitschko ya saukar a turmi 12.

Anthony Joshua, wanda asalin iyayensa na Sagamu ne a Jihar Ogun, ya nuna wani ɓangaren. Sai da ya kai shekara 18 ya fara dambe, ya ci zinare a gasar Olamfik ta 2012. Yana da tsaftataccen naushi, kuma ya nuna yana iya sauya tsari tsakanin dambe da dambe, kamar yadda ya rage nauyi ya zagaye Andy Ruiz a Saudiyya a Disambar 2019 bayan kayen watan Yuni. Abin da ya gagare shi gaban Usyk a 2021 da 2022 shi ne sauya tsari ana cikin turmi.

Waɗanda suka haɗa zamani biyu

Gani ya kori ji, kuma akwai 'yan damben da suka ba mu damar gani. Foreman ya bar dambe a 1977, ya dawo a 1987. Yana da shekara 42 ya kai Holyfield turmi 12 a 1991, sannan a 1994, yana da 45, ya kayar da Michael Moorer mai shekara 26 a turmi na goma ya karɓi kambu. Holmes, bayan Tyson ya gama da shi a turmi na huɗu a 1988, ya dawo ya koya wa Ray Mercer darasi a 1992 yana da shekara 42, ya kuma kai Holyfield turmin ƙarshe. Idan tsofaffin shekarun 1970 sun iya tsayawa da zaratan 1990, da wuya a ce ilimin da suka zo da shi ya tsufa.

Usyk ma irin wannan shaida ce. Tsawonsa daidai da na Ali, nauyinsa bai fi na Foreman na 1974 da komai ba, amma ya doke Joshua sau biyu, Fury sau biyu, Dubois sau biyu. Bahago ne, ya yi damben share fage fiye da 300 kafin ya shiga na kuɗi. Ƙafarsa ta gaba kullum tana neman wajen ƙafar abokin karawa, hannunsa na gaba ba ya hutawa, yana tilasta wa ƙato ya yi ta motsi da tunani har numfashi ya ƙare. Nasarorinsa sun raunana hujjar cewa mai jikin Ali ko Holmes ba zai kai labari ba a yau.

Abin da aka samu, da abin da aka rasa

Zamanin yau ya fi na da ilimin abinci, horon jiki da nazarin bidiyo. Ƙofa kuma ta fi buɗewa. Daga 1915 zuwa 1937 babu baƙar fata da aka bari ya nemi kambun masu nauyi, shi ya sa Dempsey bai taɓa karawa da Harry Wills ba. A zamanin Ali kuma 'yan damben Tarayyar Sobiyet da Kyuba ba sa shiga damben kuɗi, don haka Teofilo Stevenson, mai zinaren Olamfik uku, bai taɓa haɗuwa da shi ba. Rushewar Sobiyet a 1991 ce ta kawo makarantar da ta haifi 'yan gidan Klitschko da Usyk.

Abin da aka rasa shi ne yawan gogayya. Ezzard Charles ya yi dambe fiye da 120, Archie Moore fiye da 200, alhali Usyk a dambensa na 22 ya haɗa kambuna. Zakarun yau sau ɗaya ko biyu suke fitowa a shekara. Damben kusa da kusa, irin na Frazier, inda ake aiki da kafaɗa da gajeren naushi a haƙarƙari, ya ja baya, domin alƙalan wasa kan raba mutane da zarar sun haɗu, masu horarwa kuma sun fi karkata ga damben nesa da ke tara maki.

Idan aka bi ma'aunan nan biyar ɗaya bayan ɗaya, babu zamanin da ya kwashe su duka. Louis ne kan gaba a tsaftar naushi, Holmes a zunguri, Tyson na 1986 zuwa 1988 a kariyar mai kai hari, Lewis a amfani da tsawo, Ali a sarrafa tazara da sauya dabara. Usyk na cikin ƙalilan da suka samu maki mai yawa a kusan kowane fanni, kuma hakan ya ba shi wurin zama a wannan sahu. Ta fuskar yawan gwanaye a lokaci guda kuwa, shekarun 1970 ne suka fi cika, sai na 1990 ke biye musu.

Hausawa na cewa zamani riga ne. Da an haifi Louis a wannan ƙarni, da abincin yau da horon yau zai tashi, da kuma an mayar da Fury 1915, da sai ya koyi yadda ake kai turmi 45 da ƙaramar safa. Adalcin da za a yi wa kowane ɗan dambe shi ne a duba matsalolin da zamaninsa ya ɗora masa, a ga nawa ya warware, da wace dabara, kuma a gaban wa.